Ƙarfen gyaran gashi mai gas a jirgin sama: kurakuran da aka fi yi wajen haɗa kaya

Ƙanwata mai kwalliyar amare ce, kuma duk mai wannan sana'a a Katsina ta san abin da rashin wuta yake jawowa. Amarya na zaune da gashi a tsefe, 'yan ɗaukar amarya sun ishe ki da waya, janareta kuma ya ce bai san zancen ba. Shi ya sa da aka kawo mata tsarabar ƙarfen miƙar da gashi mai aiki da gas, ta riƙe shi kamar ƙwai. Ba waya, ba caji. 'Yar kwalba ce da ba ta wuce tsawon yatsa ba ake ɗaura masa a gindi, a danna maɓalli, ya ɗauki zafi.

Da tafiyar Umara ta kama ta, a tsakar gidanmu na Ƙofar Ƙaura muka baje kayan a kan tabarma. Ina kallo ta cusa kwalaben gas guda uku cikin safa, ta tura su can ƙasan babbar jaka, ƙarfen kuma ta sa a jakar hannu. Ban ce mata komai ba, don ni ma a lokacin ban san akwai magana a ciki ba. Bayan an yi awo, ta zauna jiran jirgi, sai aka kira ta aka buɗe babbar jakar a gabanta. Da ta fito ta buga mani waya ranta a ɓace.

"Yaya, sun kwashe mani gas ɗin duka uku, amma sun bar mani ƙarfen da gas ɗin da ke cikinshi. To mi ya raba su? Ba gas ɗaya ba ne?"

Gas ɗaya ne. Amma ma'aikatan ba su zalunce ta ba, abin da doka ta ce su yi suka yi.

Abin da dokar ta ce

Gas ɗin da ke cikin waɗannan kwalabe butan ne, ɗan'uwan wanda ke cikin tukunyar girki da laita. A dokar sufurin jiragen sama yana cikin rukunin iskar da ke kama wuta, kuma asalin hukuncin wannan rukuni shi ne fasinja ba ya shiga jirgi da shi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada, ita ke tsara ƙa'idar, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA kuma tana fitar da littafinta duk shekara wanda kamfanoni ke aiki da shi. A nan gida hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ce ke sa ido, jami'an tsaron filin jirgi kuma su ne masu buɗe jaka.

Cikin wannan hani ne aka buɗe wa ƙarfen gyaran gashi 'yar ƙofa, da sharuɗɗa huɗu: guda ɗaya tak ga kowane fasinja, murfinsa a rufe gam a kan wurin da ke yin zafi, ba a kunna shi a cikin jirgi, kuma ba a ɗaukar kwalbar gas ta ajiya, ko a jakar hannu ko a jakar awo. Rangwame ne aka yi, ba 'yanci ba. Kusan duk kuskuren da za ki ji an yi, daga mantawa da ɗaya cikin huɗun nan yake tasowa.

Kwalbar ajiya

Nan ne aka fi faɗawa, kuma ana faɗawa ta hanyoyi da yawa. Ta farko ita ce irin ta ƙanwata, wato tunanin cewa abin da aka hana a jakar hannu ya halatta a jakar awo. Mun saba da wannan a kan almakashi da wuƙa da man shafawa mai yawa, sai muka ɗauka haka komai yake. Gas ba haka yake ba. Babu jakar da ta halatta masa. Naɗe shi cikin safa ko cikin zani ma bai ɓoye komai ba, domin na'urar haska kaya ba ruwanta da yadi, siffar kwalbar take nunawa ƙarara.

Hanya ta biyu ta fi ban tausayi, don masu taka-tsantsan ne ke bin ta. Mace za ta ce bari in kwance kwalbar daga jikin ƙarfen in ajiye ta daban, kada ya kunna kansa a hanya. Niyya mai kyau. Sai dai da zarar kin raba su, abin da jami'i zai gani a jakarki kwalbar gas ce zaune ita kaɗai, kuma ita ce dokar ta hana. Kin mayar da halal ɗinki abin ƙwacewa da hannunki. Ki bar kwalbar a ɗaure a mazauninta, ki kashe maɓallin, ki rufe murfin.

Akwai kuma masu cewa ai ta ƙare, ba komai a ciki. Kwalbar da ta daina ba ƙarfe zafi ba ta rasa sauran iska, kuma babu jami'in da zai tsaya yana girgiza ta a kunne don ya gaskata ki. Haka nan dogon gwangwanin gas da ake ɗura wa laita, wanda wasu ƙarafan ma da shi ake cika su: shi ma ba ya shiga, ta kowace jaka.

Gyaran duk wannan ba wuya. Kwana ɗaya kafin tafiya ki ɗaura sabuwar kwalba cikakkiya, ki tafi da ita ke nan. In zaman zai yi tsawo, ki sa wanda za ki sauka wurinsa ya duba maki ko ana samun irin kwalbarki a can, tunda ba kowace ke shiga kowane ƙarfe ba. In kin saya a can kuma ta yi saura, ki bar wa masu masauki. Da yawa suna kiyayewa wajen tafiya, sai a dawowa su kwaso gas ɗin da suka samu da araha, a karɓe a Jidda ko Dubai.

Murfin nan da kike gani

A shago murfin shi ne abin da ya fi saurin ɓacewa. Yaro ya ɗauka ya yi wasa, ko ya faɗa bayan madubi, aiki kuma bai tsaya ba tunda ƙarfe na zafi ba da shi ba. Ranar tafiya sai a naɗe bakin da ɗankwali a ɗaure da roba, ko a liƙa salatef. Wannan bai cika sharaɗi ba, ƙara haɗarin ma ya yi. Murfin asali an yi shi da abin da ke jure zafi, kuma a wasu ƙirar yana tokare maɓallin yadda ba zai motsa ba. Ɗankwali kuwa makamashi ne kika ɗora a kan wuta. Ki tuna yadda ake jifa da jakunkuna, a danne wannan da waccan. Dannawa ɗaya ta isa.

Kada a raina maganar murfi. Ranar 11 ga Mayun 1996 jirgin ValuJet ya faɗi a fadamar Everglades ta jihar Florida a Amurka jim kaɗan bayan tashinsa daga Miami, mutum 110 da ke ciki babu wanda ya tsira. Bincike ya gano wutar ta tashi ne a ma'ajiyar kaya, daga wasu gwangwanayen samar da iskar shaƙa da aka loda ba tare da an sa masu murfin kariya ba. Ba ƙarfen gashi ba ne, amma daga irin wannan ne masu jiragen sama suka koyi kafewa a kan abin da mu muke gani ƙaramin roba.

In murfinki ya ɓace ko ya tsage har ba ya kamawa, ki bar ƙarfen a gida. Ban san wata dabara da ta wuce wannan ba, kuma ba na ba da shawarar a nemo ta.

Wani abu kusa da wannan: gyara gashi da asubar ranar tafiya, a rufe ƙarfe da ɗuminsa a jefa cikin jaka saboda mota na jira. Ki ba shi lokaci ya huce sarai. Sannan ki kai shi kusa da kunne ki saurara ko akwai ƙaramin huci. Kada ki dogara da hanci, domin warin da kika sani na gas ɗin girki zuba shi ake yi da gangan don a gane yoyo, ba lallai ƙaramar kwalba ta yi wari haka ba.

Wace jaka?

Nan ne mutane ke musu, kowa da gaskiyarsa. Wata ta ce ta sa a jakar awo ta wuce lafiya, wata ta ce an kira ta an cire. Duka biyun na iya faruwa. Ƙa'idar IATA ta yarda da ƙarfen a jakar hannu ko ta awo, muddin sharuɗɗan sun cika. Amurka kuwa ta ce jakar hannu kaɗai, ba ya shiga awo ko da murfinsa. Kowane kamfani kuma yana da ikon ƙara tsanani a kan abin da aka gindaya, ragewa ce ba ya iyawa.

Kuskuren shi ne ɗaukar abin da ya faru a tafiya ɗaya a mayar da shi doka. Don kin tashi daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Abuja ba a ce maki komai ba, bai nuna haka za a yi maki a ko'ina ba. Mai tashi daga Kano zuwa ƙasar waje sau da yawa sai ta yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, kuma a can ana iya sake haska jakar hannu. Dokar wurin da ya fi tsanani a kan hanyarki ita ce taki.

Ni dai shawarata jakar hannu, kullum. Dalilin ba abin da ake yawan faɗa ba ne, wai ƙasan jirgi ba iska, gwangwani zai fashe. A manyan jiragen fasinja matsin iskar ma'ajiyar kaya ɗaya yake da na inda muke zaune. Bambancin shi ne can ƙasa ba kowa. In abu ya fara hayaƙi a sama, wani zai ji ƙauri, ma'aikata su zo da abin kashe wuta cikin daƙiƙoƙi. A ƙasa kuwa sai dai na'ura ta yi ƙara, ba mai iya sauka ya ɗaga jaka ya duba. Ga kuma zafi. Jakar awo takan yi zaman jira a fili kan kwalta, kuma kin san ranar Katsina a watan Afrilu, haka ma ta Jidda. Butan ruwa ne a cikin kwalba saboda matsi, yana ɗaukar zafi matsin na ƙaruwa. Shi ya sa ake rubuta gargaɗin digiri 50 a jikin gwangwanayen fesawa.

Sai a kula da wani tarko. Wani lokaci a bakin jirgi ma'aikata kan ce wurin ajiye kaya na sama ya cika, su karɓi jakar hannunki su tura ta ƙasa. A take jakar hannu ta zama jakar awo. Kafin ki miƙa, ki zaro ƙarfen da fawa bank da duk wani batiri na ajiya ki riƙe a ƙaramar jakarki. Minti ɗaya ne, kuma su kansu sun fi son haka.

Kunna shi a jirgi ba ya buƙatar dogon bayani. Ko banɗaki kika shiga, ko saura minti goma a sauka kuma daga filin jirgi wurin kamu za ki wuce, a'a. Akwai na'urar jin hayaƙi a banɗakin, kuma abin da zai biyo baya ya fi gashi a hargitse muni.

Tsaraba, sari da saƙo

Guda ɗaya aka ce, kuma ga mutum ɗaya, ba ga jaka ɗaya ba. Hajiya ta ga ƙarfen da araha a kasuwa, ta tuna ɗiyarta da matar ɗanta da ɗiyar maƙwabta, ta sayi huɗu ta rarraba a jakunkuna biyu. Sunanta ne a kan jakunkunan duka, don haka uku sun zama na ƙwacewa. Wani abin da ba a lura da shi: sabon ƙarfe a kwalinsa kan zo da kwalbar gas a gefe, ba a ɗaure ba, wani ma da ƙari. Ki buɗe kwalin tun a masauki ki gani da idonki.

'Yan kasuwa masu saro kayan kwalliya daga Dubai ko Guwanzu ta ƙasar Sin su kawo Babbar Kasuwa, maganarku daban ce. Rangwamen nan na fasinja ne da abin amfanin kansa, bai shafi katan ba. Kaya mai gas yana da tasa hanyar a kago, wato sashen aika kayan kasuwa ta jirgi: a bayyana shi, a shirya shi yadda doka ta ce, a yi masa takarda. Ki faɗa wa wakilin kago gaskiyar abin da ke cikin kwalin, ko da kuɗin zai ƙaru. Rubuta "kayan kwalliya" a kan katan ɗin da ke cike da kwalaben gas ba wayo ba ne, laifi ne, kuma rayukan mutane ne a saman katan ɗin.

Sai saƙo, wanda a ƙasar Hausa ƙin karɓarsa kamar yanke zumunci ne. Gwaggo ta aiko da ƙulli a kai wa ɗiyarta da ke karatu a waje, an naɗe da leda an liƙe. Ba sai an yi rashin kunya ba. "Gwaggo, ki yi haƙuri a buɗe a gabanki, don can za su tambaye ni abin da ke ciki, in ban sani ba su riƙe." Ban taɓa ganin dattijuwar da ta ƙi wannan ba. In ke ma kina da ƙarfenki, na saƙon ya zama na biyu. Alhazai maza, ku ma da ku nake, don ku aka fi ɗora wa irin wannan ƙulli ba ku san abin da ke ciki ba, kuma masu zuwa Saudiyya sun san abin da saƙon da ba a buɗe ba ya jawo wa bayin Allah.

Abokan tafiyarsa a jakar kwalliya

Wasu da suka ji wannan duka sai su ce to bari in koma mai caji. Shi ma da tasa dokar, tunda batirin litiyam ne a ciki kuma abu ne mai yin zafi. Amurka ta sa shi layi ɗaya da mai gas, jakar hannu kaɗai. Wasu ƙirar suna da maɓalli ko 'yar maƙala da ake cirewa don raba batirin da wurin zafi saboda tafiya. In naki na da shi, ki yi amfani da shi.

Fawa bank ba ya shiga jakar awo ko kaɗan. Iyakar da aka saba ita ce 100Wh (Wh ma'aunin ƙarfin da batiri ke ɗauka ne) ba tare da neman izini ba, daga nan zuwa 160Wh sai kamfani ya yarda, abin da ya haura haka ba ya tafiya. Lissafin mai sauƙi ne: mai 20,000mAh a kan 3.7V ya kama 74Wh, ya wuce lafiya, iyakar kuma tana wajen 27,000mAh. Wanda rubutun jikinsa ya goge ana iya ƙin sa, don ba yadda za a tabbatar da ƙarfinsa. Masu zuwa Sin su sani cewa tun ƙarshen Yunin 2025 ba a shiga jiragen cikin gida na ƙasar da fawa bank marar tambarin CCC na tantance ingancin kaya a ƙasar, kuma can ko laita da ashana ba a shiga jirgi da su.

Man fesa gashi da turaren fesawa sun halatta a matsayin kayan gyaran jiki, amma da ma'auni: kowane gwangwani kada ya wuce rabin lita, jimillarsu duka kada ta wuce lita 2, kuma kowanne da murfinsa. A jakar hannu, tafiyar ƙasar waje, mililita 100 ce iyakar kowace kwalba. Maganin sauro na fesawa mai hoton harshen wuta a jiki ba kayan gyaran jiki ba ne, a bar shi.

Mu da ba ma rabuwa da turaren wuta, a nan ne za mu fi jin jiki. Gawayin nan mai kamawa da ashana ɗaya yana cikin kayan da ke kama wuta, ba na jirgi ba ne. Laita mai hura shuɗin wuta da ake kunna shi da ita an hana ta gaba ɗaya. Ƙaramar laita ta yau da kullum guda ɗaya aka yarda da ita, a jikin mutum, ba a jaka ba. Ɗan kaskon turare mai aiki da gas kuma kada ki yi masa ƙiyasi da ƙarfen gashi, domin rangwamen da sunan kayan gyaran gashi aka rubuta shi, bai haɗa da kasko ba.

In kin tambaye ni, ƙarfe mai wayar lantarki ya fi duka kwanciyar hankali. Yana shiga kowace jaka, ba a ƙayyade adadi ba, kuma inda za ki, otal ne ko gidan 'yan'uwa a Makka ko Landan, matsalar wutar da ta sa kika sayi mai gas ba ta bi ki can ba. Ki duba rubutun jikinsa kawai. In an sa 100–240V zai yi aiki ko'ina. In 220–240V ne kaɗai, a Amurka mai 120V ba zai yi zafin kirki ba. Filogi mai ƙafa uku irin namu shi ne a Saudiyya da Dubai da Ingila, Masar da Turkiyya kuwa mai ƙafa biyu zagayayyu, sai ki riƙe adafta.

A wurin bincike

Kada ki jira a gano. Ki fito da ƙarfen ki sa a faranti tare da waya, ki ce mai gas ne, ga murfinsa. Kafin ranar, ki shiga shafin kamfanin jirginki, sashen kayayyaki masu haɗari, ki ɗauki hoton abin da suka rubuta, ko ki tura wa ejan ɗin da ya yankar maki tikiti hoton ƙarfen ya tambayo maki. Hoton na taimakawa wajen bayani cikin ladabi, amma hukuncin ƙarshe na jami'in da ke gabanki ne. Ɗaga murya ba ya dawo da kaya, sai dai ya sa jirgi ya tashi ya bar ki.

Kuskure na ƙarshe ba a jaka yake ba, a bakin ƙofa yake: sallamar ɗan rakiya da wuri. Wanda ya kawo ki daga Daura ko Katsina zuwa Kano yana sauri ya juya kafin dare, kuna yin sallama ya kama hanya. In an ƙi wani abu a ciki, ba wanda za ki miƙa wa, sai kwandon shara. Ki roƙe shi ya dakata a wajen ajiye motoci har ki kira shi ki ce an yi awo kin wuce bincike. Ranar ƙanwata, lokacin da aka kira ta direban har ya fita gari. A tafiyarta ta gaba mai waya ta ɗauka, mai gas ɗin kuma ta bar wa yarinyar shagonta, don akwai amare biyu a Ƙofar Marusa a wannan makon.